CIYAWAR SHAYI: AMFANINTA DA INDA ƘARFINTA YA TSAYA

    

Uwargida, yau hirar tamu a kan wata ciyawa ce da na tabbata kin san ta, ko da ba ki da ita a gidanki kin taɓa jin ƙamshinta a kofin shayi. Wasu na ce mata ciyawar shayi, wasu su ce lemun giras, wasu kuma tsauri suke kiran ta. Abin da ya sa na ɗauko zancenta shi ne wata wasiƙa da wata baiwar Allah ta aiko mana daga yankin Gagarawa. Ta ce: "Anti, duk damina da ita nake yi wa yarana maganin zazzaɓi. Yanzu kuma an ce mana a asibiti mu daina. To, wai magani ce ko ba magani ba ce?"

Tambayar nan ta yi ma'ana ƙwarai, kuma amsarta ba ta fita da kalma guda. Saboda haka ki gyara zama, ki rage wutar murhu kada tuwo ya kama, mu bi abin daki-daki.

Wace ce ciyawar shayi?

Da farko dai ciyawar nan baƙuwa ce a ƙasarmu. Asalinta daga kudancin nahiyar Asiya ne, wajen ƙasashen Indiya da Siri Lanka da Malesiya, daga can ta bazu ƙasashe masu zafi har ta iso mu. Amma tana da 'yan'uwa na jini a dajinmu. Tsaure ɗin nan da iyayenmu maza ke yankowa a yi zana da asabari danginta ne, haka ma nobe mai ƙamshi da ake samu a yankunan arewa da mu, musamman cikin Nijar. Shi ya sa za ki ji sunan ya cakuɗe a bakin mutane. Wadda muke magana a kanta ita ce ta gida, mai dogayen ganye kore shar, mai kaifi a gefe, wadda in kin murza ta a hannu sai ki ji ƙamshin lemon tsami ya tashi.

Wannan ƙamshi daga wani mai ne da Allah Ya ajiye a cikin ganyen da kuma gindin. Mafi yawan man wani sinadari ne da masana ke kira sitiral. Shi ne masu kamfani ke tatsa su zuba a sabulu da turare da man shafawa. Ki riƙe wannan a ranki, domin duk amfanin da za mu faɗa yana komawa ne ga wannan mai, kuma mai ne da ke bin tururi ya gudu in ba a rufe tukunya ba.

Ba mu kaɗai muka san ta ba. Mutanen ƙasar Tailan da ita suke yin miyarsu mai tsami da yaji da ta yi suna a duniya. A ƙasar Barazil shayinta na cikin abin da aka fi sha a gidaje. A tsibirin Jamaika da maƙwabtansa sunanta ma ciyawar zazzaɓi. 'Yan'uwanmu Yarbawa kuma suna saka ta cikin agbo. Kin ga ashe abin da kakarki ta gano, kakannin wasu ma a can nesa sun gano shi.

Yadda muke amfani da ita a gida

Na farko shi ne shayi. Uwargida, in kina son shayinki ya bambanta da na kowa, ki samu ganye 2 ko 3 ɗanye, ki wanke tas, ki ƙulle su ko ki yayyanka, ki ɗan daddaƙa gindin domin man ya fito. Ki tafasa ruwa kamar kofi 2, ki jefa ganyen da 'yar citta da kanumfari ƙwaya 3, ki rufe tukunyar. In ya yi tafasa ɗaya ki sauke, ki bar shi a rufe kamar minti 10. Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne mu bar shi yana ta ɓararraka a buɗe har gida ya ɗauki ƙamshi. To, ƙamshin nan da kika ji ya cika tsakar gida, shi ne amfanin ya fice ya bar miki ruwa. Sannan ki tace da rariya mai laushi ko ƙyalle mai tsabta, saboda gefen ganyen yana da ɗan ƙaiƙayi da ke iya damun maƙogwaro.

Na biyu, zoɓo. Mu nan ƙasar Gumel ba a gaya mana zoɓo, mu ke noma shi a kai wa wasu. In za ki dafa zoɓon sayarwa ko na buɗa-baki, ki jefa ganyen ciyawar nan kaɗan tare da citta. Za ki ga ba ki bukatar yawan kayan ƙamshin kwalba da ke cin kuɗi.

Na uku, girki. Farfesun kifi ko na kaza ko na kayan ciki, in kika daddaƙa farin gindin kika jefa a ciki yana kashe ƙarni, sai ki tsame shi kafin ki zuba wa maigida. Amarya, ki rubuta wannan ki ajiye.

Na huɗu, surace. Idan mura ta toshe hanci, iyayenmu kan tafasa ta, wani lokaci da ganyen darbejiya ko na mangwaro ko na gwaiba, mutum ya lulluɓa da zane ya shaƙi tururin. Babba yakan ji sauƙin numfashi da sakin jiki. Amma don Allah ban da ƙananan yara. Yaro ba ya zama wuri ɗaya, motsi kaɗan zai yi tukunya ta kife masa, a tashi daga maganin mura a koma jinyar ƙuna.

Abin da masu bincike suka gano

To, yanzu bari mu ji ta bakin masu ilmin zamani, domin su ma ba su raina ta ba, sun ɗauke ta sun auna.

A ɗakin gwaji an tabbatar cewa man ciyawar nan yana kashe wasu ƙwayoyin cuta, har da irin waɗanda ke kawo farin baki. A shekarar 2009 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Afirka ta Kudu a kan masu fama da farin baki saboda cuta mai karya garkuwar jiki, inda aka ga ruwan ciyawar ya taimaka musu. Sai dai mutanen da aka yi gwajin da su ba su da yawa. Kuma abin da ya kashe ƙwayar cuta a cikin faranti a ɗakin gwaji, ba lalle ne ya bi jini ya kashe ta a jikin mutum ba. Wannan bambanci yana da muhimmanci, za mu dawo kansa.

A ƙasar Barazil kuwa, mutane sun daɗe suna shan ta don samun barci da kwanciyar hankali. A shekarar 1986 masana a birnin Sawo Fawulo suka gwada ta a kan mutane, wasu har mako 2 suna sha. Suka ga ba ta da guba a yadda ake shan ta, amma ba su ga ta sa barci ko ta rage fargaba fiye da abin shan da aka kwatanta ta da shi ba. Watau in kin sha da dare kin ji daɗin jikinki, alhamdu lillahi, ɗumin ruwan da ƙamshin da ɗan hutun da kika samu duk sun taimaka. Amma wadda rashin barci ya zame mata ciwo, ta je a duba ta.

A nan gida Nijeriya ma, a shekarar 2015 masana a Jami'ar Uyo sun fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan mutanen da suka sha shayinta kullum har tsawon wata 1. Sun lura cewa shan ta da yawa, ko a daɗe ana sha ba hutu, yana iya rage ƙarfin aikin ƙoda. Ke nan ko abu mai kyau ne, in ya yi yawa sai ya koma wani abu.

Idan muka tattara, ga abin da za ki iya dogara da shi. Shayin ciyawar nan mai ɗumi yana kwantar da kumburin ciki bayan an ci abinci mai nauyi. Yana sanyaya maƙogwaro lokacin mura da hunturu. Yana sa gumi, yana sa fitsari. Yana sa marar lafiyar da bakinsa ya yi ɗaci ya iya shan ruwa, wanda kuwa babban taimako ne ga mai zazzaɓi. Kuma ba shi da sinadarin nan na ganyen shayin kanti da kofi da ke hana barci. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne daga ciyawar da ba ki saya da ko sisi ba.

Inda ƙarfinta ya tsaya

Yanzu na zo kan tambayar 'yar'uwarmu, kuma a nan nake roƙon ki ba ni kunnuwanki biyu. Ciyawar shayi ba ta warkar da zazzaɓin cizon sauro. Ba ta kashe ƙwayar maleriya da ke cikin jini. Zan ba ki labarin abin da ya faru a cikin danginmu, ba wanda aka ba ni ba.

Wata daminar, cikin watan Agusta, gero ya fara fitar da kai, sauro ya yi yawa, ɗan wata ƙanwata mai shekara 4 ya kwana da zafin jiki. Suna zaune ne a wani ƙauye a ƙasar Gagarawa. Da gari ya waye uwar mijinta, tsohuwa mai son jikokinta kamar ranta, ta yanko ciyawar shayi ta haɗa da darbejiya ta dafa, aka ba shi ya sha, aka yi masa wanka da sauran. Kafin azahar yaro ya yi gumi sharkaf, jiki ya yi sanyi, har ya tashi ya sha fura ya fita wasa. Kowa ya ce alhamdu lillahi, magani ya karɓe shi. Washegari da yamma zazzaɓi ya dawo, aka sake dafawa, ya sake yin gumi. Ƙanwata ta ce wa tsohuwar: "Inna, ko a kai shi asibiti a duba?" Inna ta ce: "Ke dai yaran zamani da gaggawa. Da wannan na raini ubansa." Maigidan kuma yana gona, ga kuɗin mota ga na magani, sai aka ce a ƙara kwana ɗaya a gani.

A dare na 3 yaro ya fara jijjiga, idanu suka kakkafe. Cikin daren nan, ga hadari ga duhu, aka nemo mai babur aka yi Gumel da shi. Da aka buɗe idonsa da tafin hannunsa fari fat, jini ya ƙone. Sai da aka yi masa ƙarin jini, suka yi kwana 6 a gadon asibiti, aka sayar da tunkiyar ƙanwata da akuya ɗaya. Allah Ya yi da sauran kwanansa, yanzu haka yana makaranta. Amma ni da na je dubiya na ga wata uwa a gadon da ke kusa da nasu ta naɗe tabarmarta ta fita da zanen goyo a hannu. Allah Ya ba ta haƙuri, Ya sa mai ceto ne.

Uwargida, me ya faru a nan? Inna ba muguwa ba ce, kuma ba ƙarya ta yi ba da ta ce yaro ya ji sauƙi. Abin da ya ruɗe su shi ne halin maleriya kanta. Ita ƙwayar cutar tana shiga cikin ƙwayoyin jini ta hayayyafa, in ta cika sai ta fasa su ta fito, a lokacin ne jiki ke rawar sanyi ya ɗau zafi. Bayan 'yan sa'o'i sai gumi ya karyo, zafi ya sauka da kansa, ko an sha wani abu ko ba a sha ba. A wannan tsakanin ƙwayar ta sake shiga sababbin ƙwayoyin jini tana ci gaba da ɓarna. Mu muna ganin gumi muna murna, ita kuwa tana can tana cin jinin yaro. Babba mai ƙarfi da ya saba da ciwon yana iya jurewa. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 da mace mai juna biyu ba su da wannan ƙarfin, kwana 1 ko 2 na jinkiri yana iya zama sanadi.

Kuma ki sani wannan ba ƙaramar matsala ba ce a wurinmu. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa cikin duk mutum 4 da ke kamuwa da maleriya a duniya, kimanin 1 ɗan Nijeriya ne, kuma ƙananan yara su ne suka fi mutuwa.

Wata za ta ce: "To ai maganin asibitin ma daga itatuwa ake yin sa." Gaskiyarki. Kwinin daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka aka samo shi. Maganin maleriya da ake bayarwa yanzu kuwa, wanda Nijeriya ta koma kansa a shekarar 2005 bayan kulorakwin ya daina aiki sosai, tushensa wani tsiro ne dangin tazargade. Kuma mace ce 'yar'uwarmu ta jagoranci gano shi, wata 'yar ƙasar Sin mai suna Tu Youyou, a shekarar 1972, har aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015. A cikin tsofaffin littattafan maganin gargajiyar ƙasarsu ta samo hanyar. Amma ita da abokan aikinta sun gwada tsirrai masu ɗimbin yawa kafin su dace da wanda ke kashe ƙwayar, sannan aka tace shi aka auna yawan da ya kamata a sha. Kowane tsiro da aikin da Allah Ya hore masa. Na ciyawar shayi shi ne ta sanyaya jiki ta buɗe baki, kashe ƙwayar maleriya aikin wani ne.

Me ya kamata ki yi?

In jikin yaro ya yi zafi, kada rana ta faɗi sau biyu ba a kai shi an gwada jininsa ba. Gwajin ɗan tsinke ne a yatsa, cikin kamar minti 20 an san sakamako, kuma ana yin sa a ƙananan asibitocin da ke kusa da mu. Gwajin na da amfani domin ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. Akwai taifot, akwai ciwon haƙarƙari, akwai ƙyanda, ga sanƙarau lokacin bazara, kowanne da maganinsa.

In an ce maleriya ce aka ba ki magani, na kwana 3 ne. Ki ba shi duka har ya ƙare, ko da ya warware tun ranar farko. Kada ki rage ki ɓoye wai don na gaba in ya kwanta. Yaron da ya fara cin abinci, kina iya ba shi shayin ciyawar nan marar ƙarfi tare da maganin, don ya samu ruwa a jiki. A nan ne wurinta, mataimakiya ce.

Ga alamomin da in kin ga ko ɗaya daga ciki ba a jiran gari ya waye: jijjiga ko sanƙarewa, yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ya riƙa amayar da duk abin da aka ba shi, barci mai nauyi da ba ya farkawa sosai, numfashi da sauri ko da ƙyar, tafin hannu da cikin ido su yi fari, ido ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi. Kuma mai jijjiga ba a ɗura masa komai a baki, ko ruwa ko jiƙo, domin yana iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti.

Har ila yau, tun shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin maleriya wata-wata a lokacin damina a ƙasashe irin namu na Sahel, kuma Jihar Jigawa na cikin jihohin da ake wannan rabo gida-gida. In masu rabon sun yi sallama ki karɓe su da fara'a. Na ranar farko a gabansu ake ba yaro, na kwana 2 da suka rage amana ce a hannunki. Mai juna biyu kuma ta riƙa zuwa awo, a can za a ba ta nata rigakafin.

Batun sauro kuwa, na sha jin ana cewa in ka shuka ciyawar shayi a ƙofar ɗaki sauro ba ya shiga. 'Yar'uwa, sauro yakan sauka a kan ganyen ma ya huta. Man da ake tatsa daga wata 'yar'uwarta shi ne ake sawa a wasu mayukan korar sauro, shi ma ƙarfinsa na ɗan lokaci ne, ba ya kai mutum asuba. Gidan sauro mai magani dai shi ne abin dogaro. A ɗaura shi a kwana ciki, kada a mai da shi shingen tumatir ko ragar kaji.

Waɗanda za su yi hattara

Jariri ɗan ƙasa da wata 6 ba a ba shi ko cokali ɗaya. Nonon uwa zalla ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata.

Mai juna biyu, ɗan abin da aka jefa a girki don ƙamshi ba laifi, amma ta guji dafa ta da kauri tana sha kamar magani, musamman a watannin farko.

Mai hawan jini da mai ciwon suga, na san ana yawan gaya muku cewa ciyawar nan tana saukar da su. Kada ki kuskura ki ajiye ƙwayoyin da likita ya ɗora ki a kai saboda ita. Ki gaya wa likitanki kina sha, ki ci gaba da zuwa awo. Kuma shayin da aka zuba wa suga cokali 4 ya daina zama abin taimako ga mai ciwon suga.

Mai ciwon ƙoda ta nemi shawarar likita tukuna. Mai lafiya kuwa kofi 1 ko 2 a rana ya wadatar, a riƙa kuma hutawa.

Sai man da ake sayarwa a ƙananan kwalabe. Wannan yana da ƙarfi ƙwarai, ba a shan sa, ba a shafa shi tsurarsa a fata domin yana ƙona ta, kuma a ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa.

Ki shuka taki

Kafin lokaci ya ƙwace mana, bari mu taɓo shuka. Ciyawar nan da wuya ki ga ta yi iri, da gindi ake dasa ta. Ki roƙi maƙwabciya ta ɓantaro miki 2 ko 3 masu saiwa, ki rage tsawon ganyen, ki dasa a wurin da rana ke samu. Na san ƙasarmu jigawa ce mai rairayi, ruwa ba ya zama, ga rijiyoyinmu da zurfi. Dabarar ita ce ki haɗa ƙasar da ruɓaɓɓen takin dabbobi, ki dasa a tsohon bokiti ko buhu da aka huda ƙasansa, ki ajiye kusa da inda ake alwala. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na ɗaurayar kayan miya sun ishe ta, ban da mai omo ko sabulu. Farkon damina ya fi dacewa da dashe. Ki kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Bayan wata 3 zuwa 4 za ki fara yanka, ki riƙa barin kamar tsawon tafin hannu daga ƙasa don ta sake tohowa. Ki riƙa cire busassun ganye kina share gindin, kada ya yi duhu ya zama maɓoyar kunama ko maciji.

In ta yi yawa ki yanka ki shanya a inuwa, domin rana tana cinye ƙamshin da korenta. In ta bushe ki zuba a gwangwani ko kwalba mai murfi. Mace mai dabara sai ta haɗa da citta da kanumfari da na'ana'a ta ƙulla a leda mai tsabta, yara su kai wa masu shayi, ko a ba maigida ya tafi da shi kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Kuɗin sabulu da na littafin makaranta ba za su gagara ba. Abu ɗaya nake roƙon ki: ki sayar da shi a matsayin kayan shayi. Kada ki ce wa mai saye yana maganin maleriya da taifot da suga don kaya su ƙare, domin in ya dogara da maganarki ya ƙi zuwa asibiti, akwai hakki a kanki.

Kalma ta ƙarshe ga iyayenmu da mazajenmu, don na san kuna saurare ko da kun ce filin na mata ne. Inna, iliminku muke taƙama da shi, ba mu zo raina shi ba. In surukarki ta ce a kai yaro gwaji, ki zama ke ce mai cewa a tashi a tafi, in an dawo ki dafa masa shayin da hannunki mai albarka. Malam maigida, ka bar izini a gida tun kafin ka fita gona ko kasuwa, cewa duk ranar da jikin yaro ya yi zafi a kai shi ba sai an jira ka ba. Ke kuma uwargida, ki ɗan riƙa ɓoye wani abu daga kuɗin adashi saboda irin wannan rana, tun damina ba ta kankama ba. Kuɗin gwaji da magani bai kai kuɗin tunkiya ba.

To, 'yar'uwarmu ta Gagarawa, ina fata kin samu amsa. Ki ci gaba da shan shayinki ke da iyalinki, amma zazzaɓin yara a fara da gwaji. Hausawa na cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba, a gidan suna da gidan biki da bakin rijiya.

A nan za mu dakata sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu, inda za mu duba yadda ake haɗa kunun yaye mai gina jiki da gero da waken suya da gyaɗa. Ku ci gaba da aiko mana da wasiƙunku. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya ba mu damina mai albarka. Na bar ku lafiya. Wassalamu alaikum warahmatullah.